Abin da Ke Cikin Shokazoba: Lodi, Gargada da Shan Kwana a Hanyoyin Kazaure da Babura

Motar haya da ke aiki a arewa maso yammacin jihar Jigawa takan taka hanya iri uku ko huɗu a cikin wuni guda, domin babban titin da ya taso daga Kano ya bi ta Dambatta ya ratsa Kazaure ya nufi Daura da iyakar Nijar kwalta ne da ake sheƙa gudu a kansa, hanyar da ta bi ta Kunya da Kanya ta shiga Babura ta zarce Babban Mutum tana ratsa ƙasa mai yashi, sannan hanyoyin burjin da ke haɗa ƙauyukan Roni da Gwiwa suna bi ta cikin duwatsu da kwazazzaban da ruwan damina ke ƙara zaizayewa kowace shekara. Motocin da ke wannan zirga-zirga, wato Golf da Sharan da Hiace da J5 da ragowar tsofaffin Peugeot 504, an tsara su ne a Turai da Japan bisa wani lissafi na nauyi da irin hanya, kuma ɓangaren da wannan lissafi ya fi ɓoyuwa a cikinsa shi ne shokazoba, wato bututun ƙarfen nan mai cike da mai da ke tsaye kusa da kowace taya. Masu motocin tsere sun fi kowa sanin darajarta, har sukan kashe mata kuɗin da zai sayi ƙaramar mota, alhali direban tasha ba ya tunawa da ita sai ranar da ta fara ƙara ko ta yi yoyo.

Nauyin mota a kan sifirin yake zaune, ko na murɗe ne irin na Golf, ko na falle-falle irin wanda ke bayan Hiace da J5, kuma shi ne yake karɓar duka idan taya ta faɗa rami. Illar sifirin ita ce ba ya cinye ƙarfin da ya karɓa, ajiye shi yake yi ya mayar, saboda haka motar da aka bari da sifirin kaɗai za ta yi ta tsalle bayan kowane tudu har sai motsin ya mutu don kansa. Motsin nan kashi biyu ne. Gangar jikin motar fasinja tana lilo sama da ƙasa kamar sau 1 zuwa 1.5 a cikin daƙiƙa, ita kuwa taya tare da ƙarafan da ke riƙe da ita tana da nata tsallen mai sauri, kamar sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa, domin iskar da ke cikinta ita ma sifirin ce. Aikin shokazoba shi ne ta kashe waɗannan motsi biyu ta hanyar mai da ƙarfinsu zafi, kuma na biyun ya fi haɗari duk da cewa na farkon fasinja ya fi ji a jikinsa, saboda tayar da ke tsalle tana rabuwa da ƙasa, wadda ta rabu da ƙasa kuwa ba ta amsa birki ba ta amsa sitiyari. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, ke nan idan taya ta yi kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a sama, an yi tafiyar fiye da mita 2 ba tare da direba yana da iko da wannan ƙafa ba.

Idan aka yanka tsohuwar shokazoba aka shimfiɗa kayan cikinta a kan tabarmar gareji, abin da za a gani ba shi da yawa. Akwai sandar ƙarfe mai sheƙi, a ƙarshenta an ɗaure fistan da noti, wato wani dunƙulen ƙarfe da faɗinsa bai wuce santimita 3 zuwa 5 ba, wanda aka huda wa ramuka a zagaye. A sama da ƙasan fistan ɗin an jera wasu siraran faya-fayan ƙarfe, babba a kan ramukan, ƙanana suna biye da shi, kowanne kaurinsa bai kai rabin milimita ba, har mutum zai iya lanƙwasa guda ɗaya da yatsa. Ramukan da faya-fayan da ke rufe da su su ne bawul, wato ƙofar da ke tsare mai ko ta ba shi hanya. A irin shokazobar da ta fi yawa a motocin haya, mai bututu biyu ɗaya cikin ɗaya, akwai wani bawul ɗin a gindi, wanda ke barin mai ya tsallaka zuwa bututun waje a lokacin da sanda ta shigo ta cinye wuri. Halin mota a kwana da kan gargada yana rataye ne a kan waɗannan 'yan faya-fayai da mai shara zai iya haɗawa da ƙasa ya zubar.

Duk wanda ya taɓa tura ruwa ta cikin sirinji ya san cewa idan ya danna a hankali ruwan yana fita ba wahala, idan kuma ya danna da sauri sai abin ya turje masa, kuma wannan turjiya ita ce shokazoba take amfani da ita. Ba ta damu da nisan da aka danna ta ba, saurin dannawar take amsawa. Sai dai rami guda mai girma ɗaya ba zai wadatar ba, domin turjiyar da mai ke yi wajen bi ta rami tana ninkuwa huɗu idan sauri ya ninka biyu, tana ninkuwa tara idan ya ninka uku, wanda hakan ke nufin ramin da ya dace da motsi a hankali zai zama tamkar a toshe idan taya ta daki dutse. Saboda haka maƙera suka raba aikin hawa-hawa. A motsi na hankali mai yana bi ta wata 'yar kafa da ke buɗe kullum; idan matsi ya ƙaru sai faya-fayan su lanƙwasa su buɗe babbar hanya; idan dukan ya yi tsanani sai girman ramukan fistan ɗin kansu ya zama shi ne iyaka. Taurin faifai yana bin kaurinsa ta hanya mai ban mamaki, domin wanda ya ninka wani biyu a kauri ya ninka shi takwas a tauri, shi ya sa bambancin da ido ba ya gani tsakanin shokazoba biyu masu tsawo ɗaya da kama ɗaya yakan zama bambancin mota mai natsuwa da mota mai rawa.

Masana suna raba motsin sandar zuwa na hankali da na sauri, kuma saurin sandar ake nufi, ba gudun mota ba. Motsin da bai wuce kamar santimita 5 a daƙiƙa ba shi ne wanda direba ke haifarwa da hannunsa da ƙafarsa, wato karkatar mota a kwana, da duƙawar gaba idan an taka birki, da zaman baya idan an ba ta wuta. Motsin da ya haura haka sosai hanya ce ke haifar da shi, irin su rami da bakin kwalbati da tudun rage gudu da ake ginawa a mashigar gari. Ban da wannan, kowane motsi yana da fuska biyu, matsewa idan taya ta yi sama da miƙewa idan ta dawo, kuma a yawancin motocin fasinja turjiyar miƙewa ta ninka ta matsewa sau biyu zuwa uku, saboda a lokacin matsewa sifirin yana taya shokazoba aiki, a lokacin miƙewa kuwa shi ne abokin karawarta.

Daga nan ne ilmin masu tsere ya taso. Idan mota ta shiga kwana nauyinta yana komawa kan tayoyin waje, kuma yawan nauyin da zai koma a ƙarshe ba ya hannun shokazoba, yana hannun gudu da tsayin mota da faɗinta, rabonsa tsakanin gaba da baya kuma yana hannun sifirin da sandar hana karkata. Abin da ke hannun shokazoba shi ne lokaci, wato saurin da nauyin zai koma da kuma ƙafar da zai fara sauka a kanta a cikin wannan ɗan taƙin da ake juya sitiyari, domin da zarar mota ta gama karkata ta zauna a tsakiyar kwana mai santsi sandar ta daina motsi, shokazobar da ba ta motsi kuwa ba ta da ƙarfin komai. Idan turjiyar gaba ta fi ƙarfi, tayoyin gaba ne za su fara ɗaukar wahala, sai mota ta ƙi cin kwana ta nemi zarcewa. Idan ta baya ce ta fi ƙarfi, musamman ta miƙewa a lokacin da ake birki, sai baya ya yi sako-sako ya nemi ƙwacewa ya juyo da motar. Don haka kamfanoni irin su Koni na Holan da Bilstein na Jamus da Öhlins na Suwidin, wanda Kenth Öhlin ya kafa a 1976, suke ƙera shokazoba mai maɓallin juyi, wanda galibi yake tura wata allura cikin 'yar kafar nan ko ya janye ta, kowane juyi yana yin 'yar ƙara domin a iya ƙirgawa. Akwai mai maɓalli ɗaya, akwai mai biyu da ke raba matsewa da miƙewa, har zuwa mai huɗu da ke ƙara raba kowanne zuwa na hankali da na sauri. Ƙa'idar masu gyaran ita ce a canja abu ɗaya a lokaci guda, a zagaya fili, a rubuta, domin wanda ya juya maɓalli uku a tare ba zai san wanne ne ya gyara ko ya ɓata ba.

Samari masu son mota sukan ɗauka cewa tauri shi ne riƙe hanya, kuma wannan zato ya fi zama kuskure a hanyoyi irin na Roni da Gwiwa fiye da ko'ina. Turjiyar matsewa idan ta yi yawa, taya ba ta iya kaucewa dutse, sai ta cilla gangar mota sama gaba ɗaya. Turjiyar miƙewa idan ta yi yawa, sifirin ba ya samun damar dawowa kafin tudu na gaba ya iso, sai mota ta yi ta nitsewa kaɗan-kaɗan a kan jerin gargada har ta zauna a kan robar ƙarshe, a nan kuma babu sauran sifirin. Maganin da aka samo shi ne a ɗan matse faya-fayan tun daga farko domin su yi turjiya mai ƙarfi a motsi na hankali, amma da zarar sun buɗe su saki mai da yawa, ta yadda mota za ta tsaya daram a kwana kuma ta haɗiye rami. Wasu kamfanonin sun wuce nan, domin tun 2002 Cadillac ta fito da shokazobar da aka zuba wa garin ƙarfe a cikin mai, wanda maganaɗisun lantarki ke sa shi kauri ko tsinkewa sau da dama a cikin daƙiƙa, sai dai irin wannan ba ta shafi tashar Kazaure ba tukuna.

Gargada tana da nata lissafin da direbobin ƙauye suka sani a aikace. Idan tazarar da ke tsakanin tudu da tudu ta kai mita 1, motar da ke gudun kilomita 40 a awa tana taka guda 11 a daƙiƙa, wanda ya faɗa daidai cikin tsallen da taya ke so, sai girgizar ta kai maƙura. Direba yakan ƙara wuta ya ji motar ta lafa, amma lafawar ta samu ne saboda tayoyin suna taɓa kan tuddan kawai suna wucewa, wato a daidai lokacin da fasinja ya ji daɗi ne riƙon hanya ya fi rauni, kuma a nan ne akuya ko amalanken shanu ke fitowa daga gona.

Tsofaffin direbobi ba su gushe ba suna yabon 504, kuma yabon yana da tushe. Motar ta fito a Faransa a 1968, aka fara harhaɗa ta a masana'antar Peugeot ta Kaduna da aka buɗe a 1975, kuma a wannan shekarar ce ta lashe tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson, ta lashe na Maroko a hannun Hannu Mikkola, ta kuma lashe na Bandama a Kodebuwa. Abin da ya ba ta wannan nasara a kan motocin da suka fi ta ƙarfin inji shi ne doguwar tafiyar sifirin ɗinta mai laushi, haɗe da shokazobar da Peugeot ke ƙera wa kanta a wancan zamani daidai da wannan sifirin, ta yadda taya ke bin ƙasa duk inda ta yi. Golf kuwa an yi ta ne don kwaltar Turai, tafiyar sifirin ɗinta gajeriya ce, kuma lodin da maƙeranta suka yarje mata, haɗe da direba da fasinja, bai wuce kimanin rabin tan ba.

Ranar kasuwa wannan rabin tan ba ya zuwa ko'ina, domin mutum huɗu a baya da biyu a gaba da direba sun riga sun cinye shi kafin a ɗora buhun gero ko na riɗi mai kilo 100 a but a ɗaure da igiya. Turjiyar da ake buƙata don kashe lilon mota tana ƙaruwa ne tare da nauyi da kuma taurin sifirin, kuma motocin fasinja ana ba su kamar kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari na turjiyar da za ta kashe lilo nan take, motocin tsere kuwa fiye da haka. Idan nauyin da ke kan tayoyin baya ya ninka biyu, tasirin shokazoba yana raguwa da kusan kashi 30 cikin ɗari ko da sabuwa ce fil. Mai mota da ya ga bayan motarsa yana jan ƙasa yakan je gareji a sa masa sifirin mai kauri na wata babbar mota, ko a cusa roba tsakanin murɗe-murɗen, ko a ƙara falle biyu idan bas ce, kuma hakan yana ɗaga motar kamar yadda ake so. Amma idan nauyi ya ninka biyu taurin sifirin ma ya ninka biyu, tasirin tsohuwar shokazoba ya koma rabi, domin yanzu tana kokawa da sifirin da ya fi ƙarfin faya-fayanta. Irin wannan mota ce ake gani a titin Daura bayanta yana tashi yana zama sau uku ko huɗu bayan ta haye gada, idan kuma ba lodi sai ta riƙa tsalle, bayan ya ƙwace a kwana ko a birkin gaggawa. Dabarar ɗaga mota ba laifi ba ce ga wanda abincinsa ke kan lodi, laifin shi ne a tsaya a rabin aiki, a canja sifirin a bar shokazobar da aka auna wa wanda aka cire. Haka nan zoben nan mai hawa-hawa da ke ƙasan sifirin ɗin bayan babur, wanda 'yan acaɓa ke murɗawa idan za su ɗauki buhu da mutum biyu, tsayin zama kawai yake gyarawa, bai taɓa bawul ba.

Zafi shi ne ɗaya abokin gabar. Tunda aikin shokazoba mai da motsi zafi ne, doguwar tafiya a kan burji tana iya kai man da ke cikinta sama da digiri 100, balle a watan Afrilu da iskar Kazaure da Babura kanta ke haura digiri 40. Mai idan ya yi zafi yana tsinkewa ya bi ta 'yar kafar nan ba turjiya, kuma a cikin mai bututu biyu yakan cakuɗu da iska ya yi kumfa, kumfa kuwa matsuwa take yi maimakon ta turje, sai direba ya ji motar da ya baro tasha da ita garau ta soma iyo bayan tafiyar awa guda. Injiniyan Faransa Christian Bourcier de Carbon ne ya samo maganin wannan a farkon shekarun 1950, inda ya yi shokazoba mai bututu ɗaya, ya ɗura mata iskar naitirojin mai matsi sosai a gindi, ya raba iskar da man da wani fistan mai yawo, ta yadda man ba ya samun damar yin kumfa, kuma Bilstein ta fara sa irinta a motocin Mercedes-Benz a 1957. Motocin tseren hamada, irin Peugeot 205 da 405 da suka lashe gasar Paris zuwa Dakar shekara huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990, a zamanin da gasar ke ratsa Agadas da Tenere, sun fuskanci wannan matsala a mafi munin siffarta, shi ya sa irin waɗannan motoci kan ɗauki shokazoba biyu a ƙafa ɗaya, ko a haɗa mata ƙarin tankin mai a gefe don ya sha iska.

Tsadar sabuwa ta sa sana'ar ɗura wa tsohuwar shokazoba mai ta samu kasuwa. Bakanike yakan huda jikin bututun, ya tsiyaye tsohon man da ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya ɗura wani yana jan sandar yana turawa har kumfa ta daina fitowa, sannan ya toshe hudar da walda ko kusa, ya miƙa wa mai mota ya ce ya danna ya ji. Mai mota yakan danna ya ji tauri ya gamsu, amma hannun mutum motsi na hankali kaɗai yake iya gwadawa, wato 'yar kafar nan, wadda mai mai kauri irin baƙin man inji ke cika ta da turjiya. Man shokazoba na asali tsinkakke ne, an haɗa shi don kada kaurinsa ya canja sosai tsakanin sanyi da zafi kuma kada ya yi kumfa. Baƙin mai kuwa da asubar hunturu yana sa mota ta sandare, da rana ta take ya saki. Sannan man bai fita don kansa ba tun farko, sil ɗin da ke bakin sanda ne ya mutu ko sandar ta karce da ƙurar hunturu, faya-fayan kuma sun gaji da lanƙwasa sau miliyoyi, kuma ɗura mai bai gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Huda mai bututu ɗaya kuwa ganganci ne, domin matsin iskar cikinta yakan kai ninki goma na iskar taya.

Wanda ya je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman shokazoba ta hannu yana fuskantar irin wannan makanta, tunda tsawo da zaman kusoshi kaɗai ido ke iya tantancewa, alhali Golf mai ƙaramin inji da mai babba da doguwa mai ɗaukar kaya kowace da nata jerin faya-fayan, kuma lambar da aka buga a jikin bututun ce ke bambanta su. Abin da ya fi dacewa da motar lodi shi ne wadda aka yi wa doguwar mota ko aka rubuta cewa ta aiki mai nauyi ce, a kuma canja hagu da dama a tare, domin sabuwa a gefe ɗaya da matacciya a ɗayan suna sa mota ta ja gefe a birki. Masu ƙera ta sukan ba da shawarar a canja bayan kimanin kilomita 80,000, lissafin da aka yi da kwalta mai kyau da lodi na ƙa'ida. Gwajin danna kusurwar mota a saki yana nuna wadda ta mutu murus, idan motar ta yi lilo fiye da sau ɗaya da rabi. Tayar da ta cinye rami-rami a zagayenta tana nuna wadda ta daina riƙe tsallen sauri. Bayan tafiya a kan gargada kuma, wadda aka taɓa aka ji ta da sanyi alhali 'yan'uwanta sun ɗumama ba ta yin aikin komai. Cikakken awo sai da na'urar da ke tura sandar da sauri iri-iri tana zana ƙarfin turjiyarta a kan takarda ko kwamfuta, irin wadda kowane garejin tsere ke da ita, kuma aiki ne da bai fi ƙarfin ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure ba, su ƙera ta da injin lantarki da ma'aunin ƙarfi, su auna sabuwa da ta hannu da wadda aka ɗura wa mai, da sanyi da kuma bayan sun yi zafi, su kai sakamakon tasha.